Daraja a Kwalba Take ko a Suna? Martani ga Masu Kambama Tsohuwar Giyar Inabi

Wani marubuci da ya saba sharhi kan abinci da abin sha na Turai ya fitar da maƙala kwanan nan, inda ya kafa hujja cewa ɗanɗana tsohuwar jar giyar inabi ta manyan gidajen Faransa ilimi ne mai zaman kansa, mai ƙa'idoji da malamai da ma'auni, wanda duk mai son a ƙidaya shi cikin wayayyu ya kamata ya girmama, ko da bai taɓa kai kofin bakinsa ba. Hujjojinsa, idan aka yi musu adalci, biyar ne. Ta farko, ya ce jar giya mai asali tana ƙara kyau ne da shekaru, ta yadda kwalbar da ta shekara talatin ko hamsin a rumbun ƙarƙashin ƙasa takan kai wani matsayi na ƙamshi da laushi wanda sabuwa ba ta isa ta kusance shi ba. Ta biyu, ya ce gidajen da suka yi suna a yankunan Bordeaux da Burgundy, irin su Lafite da Latour da Margaux da Romanée-Conti, ƙasar gonakinsu da gadon sana'arsu ne suka fifita su, kuma tarihi ya yi musu shaida tun daga jerin darajojin shekarar 1855. Ta uku, ya ce harshe da hancin ƙwararren mai ɗanɗano ma'auni ne abin dogaro, wanda ke rarrabe mai kyau da marar kyau kamar yadda sikeli ke rarrabe nauyi. Ta huɗu, ya ce kasuwa ba ta ƙarya, domin da babu gaskiya a cikin lamarin da ba a sayar da kwalba ɗaya ta Romanée-Conti ta girbin 1945 a kan dala 558,000 a gwanjon Sotheby's na birnin New York a watan Oktoba na 2018 ba. Ta biyar kuwa, wadda ya ɗora a ƙarshe kamar gyara, ita ce jar giya, idan aka sha ta daidai kima, tana kare lafiyar zuciya.

Hukuncin giya a addinin mafi yawan masu karanta wannan martani sananne ne, kuma ba shi ne abin tattaunawa a nan ba, domin marubucin ya zo ne da hujjar ilimi da tarihi da kasuwa, saboda haka a wannan fagen ya dace a same shi. Haka kuma babu mai musun cewa noman inabi sana'a ce mai wuya, ko cewa giya tana canza kama a cikin kwalba, ko cewa akwai masu ɗanɗano da horo ya kaifafa musu hanci har sukan iya gane nau'in inabi da yankin da aka noma shi. Abin da ake musu shi ne tsallen da marubucin ya yi daga waɗannan ƙananan gaskiyoyi zuwa babban iƙirarin cewa tsufa da suna da tsada shaidu ne na inganci, alhali tarihin sana'ar kansa, wanda marubucin ya tsinci abin da ya yi masa daɗi a ciki ya bar saura, ya sha nuna cewa waɗannan shaidu uku junansu suke wa shaida.

A fara da batun shekaru. A cikin ɓawon inabi da 'ya'yansa, da kuma katakon gangar da ake ajiye giya a ciki, akwai wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jimar fata da ita, kuma shi ne ke sa sabuwar jar giya ta ɗaure baki. Idan giyar ta daɗe a kwalba, wannan sinadari yakan haɗu da sinadaran launi, wani ɓangare nasa ya kwanta a gindin kwalba ya zama guggubi, baurin ya ragu, launin ya tashi daga ja mai duhu ya koma kalar jan bulo, ƙamshin 'ya'yan itace kuma ya ja baya wani ya maye gurbinsa. Wannan canji ne, kuma babu gardama a kansa. Amma wace doka ce ta ce kowane canji ƙaruwa ne? Masu sana'ar da kansu sun yarda cewa mafi yawan giyar da ake yi a duniya an yi ta ne don a sha cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma ko 'yar ƙalilan ɗin da ke jure ajiya tana da lokacin da take kai ƙarshen kyanta, daga nan sai gangara, har ta koma ruwa mai tsami da ba shi da wani armashi. Ƙari a kan haka, makomar kowace kwalba tana rataye ne a kan toshiyarta, wadda ake yankowa daga ɓawon wani itace, domin idan ta bushe ta saki iska giyar ta lalace, idan kuma ta kamu da sinadarin da ake kira TCA giyar ta ɗauki warin rima da funfuna. Sai kuma ajiya, wadda ke bukatar duhu da sanyi marar hawa da sauka, wajen digiri 12 zuwa 14, shekara da shekaru, a hannun mutanen da mai saye na ƙarshe bai san ko ɗayansu ba.

Abin da wannan ke nufi shi ne kwalba biyu daga gida ɗaya, girbin shekara ɗaya, akwati ɗaya, suna iya bambanta bayan shekara arba'in kamar ba su haɗa komai ba. Wanda ya ga yadda ake buɗe irin wannan kwalba a manyan liyafa ya ga hidima mai ban sha'awa: a tsayar da ita kwana ɗaya ko biyu don guggubin ya kwanta, a zare toshiyar a hankali don kada ta marmashe, a kunna kyandir a ƙarƙashin wuyan kwalbar ana tsiyaye giyar cikin butar gilashi ana kallon inda guggubin zai iso a dakata, sannan a zuba kaɗan a kofi, a juya, a sansana, a kurɓa, a kurkure baki. To idan giyar ta yi daɗi sai a ce ga shaidar girman gidan, idan kuma ta fito a mace sai a ce laifin toshiya ne ko na ajiya, gidan dai yana nan da girmansa. Wane irin ilimi ne wannan da kowane sakamako ke gaskata shi, babu kuma wani sakamako da zai iya ƙaryata shi?

Hujja ta biyu ita ce ta tarihi, kuma a nan marubucin ya fi jin ƙarfinsa, a nan kuma ƙafarsa ta fi rauni. Jerin 1855 da yake ambato da girmamawa an yi shi ne saboda bajekolin duniya da Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya shirya a birnin Paris a wannan shekara, inda aka bukaci majalisar 'yan kasuwa ta Bordeaux ta kawo tsarin darajojin giyar yankin, ita kuma ta miƙa aikin ga dillalai. Dillalan ba su zauna da kofuna suna ɗanɗanawa ba. Littattafan cinikinsu suka buɗe, suka jera gidajen aji biyar bisa farashin da giyarsu ta saba yi a kasuwa, Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion a aji na ɗaya, saura kuma suka biyo baya. Ashe ke nan farashi ne ya haifi jerin, sannan yau ake kawo jerin a matsayin dalilin farashi, kuma marubucin ya ƙidaya su hujjoji biyu masu zaman kansu! A cikin fiye da shekara 160 babban gyara ɗaya kawai aka yi wa jerin, wato ɗaga gidan Mouton Rothschild daga aji na biyu zuwa na ɗaya a 1973, bayan mai gidan, Baron Philippe de Rothschild, ya shafe shekaru masu yawa yana kamun ƙafa, kuma ministan noma na lokacin, Jacques Chirac, shi ya sa hannu a takardar. Shin a cikin wannan dogon zamani babu gida ɗaya da ya lalace ya cancanci a sauke shi? Kasuwar da marubucin ya ce ba ta ƙarya ita ce ke sayen Lynch-Bages, wanda ke aji na biyar, da tsadar da ta wuce ta gidaje da dama da ke samansa a jerin, ita ce kuma ke sayen Pétrus na yankin Pomerol, wanda ba ya cikin jerin gaba ɗaya, da tsadar da takan zarce ta 'yan aji na ɗaya. Idan jerin ya yi gaskiya kasuwar ta yi ƙarya, idan kuma kasuwar ce mai gaskiya to jerin ya tsufa. Marubucin sai ya zaɓi shaida ɗaya.

Batun ƙasa da gado ma bai tsira ba. Faransawa suna da abin da suke kira terroir, wato haɗuwar irin ƙasar gona da gangarenta da ruwa da rana da ke sauka a kanta, kuma gaskiya ne waɗannan suna tasiri a kan inabi kamar yadda suke yi a kan kowane amfanin gona. Sai dai darajar 1855 a jikin sunan gida aka liƙa ta, ba a jikin iyakar gona ba, shi ya sa gida mai daraja kan sayi gonar maƙwabcinsa marar daraja a cikin yanki ɗaya, washegari inabin wannan gona ya wayi gari ɗan babban aji. Itatuwan da dillalan 1855 suka sani kuwa sun daɗe da mutuwa, domin daga shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya lalata gonakin inabin Faransa, kuma ba a tsira ba sai da aka koma yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron. Gonar Romanée-Conti, wadda ba ta kai hekta biyu ba, ta riƙe tsofaffin itatuwanta har zuwa girbin 1945, wanda bai wuce kwalba 600 ba, sannan aka tumɓuke su aka sake dashe, gonar kuma ba ta sake fitar da giya ba sai girbin 1952. Masu gidajen su ma sun canza: iyalin Rothschild sun sayi Lafite a 1868, wani ɗan banki Ba'amurke mai suna Clarence Dillon ya sayi Haut-Brion a 1935, attajirin Faransa François Pinault ya sayi Latour a 1993. Gona ta faɗaɗa, saiwa ta zama ta Amurka, maigida ya canza, dabarun sarrafawa sun canza. Abin da ya rage daram shi ne sunan da ke jikin takardar kwalba, kuma shi ne marubucin ke kira gado.

Saura hujja ta uku, wadda sauran duka ke jingine da ita, wato harshen ƙwararre, kuma hanyar gwada shi a fili take: a ɓoye masa kwalba a ba shi kofi. An yi hakan a Paris ranar 24 ga Mayu 1976, lokacin da wani Bature ɗan Ingila mai shagon giya a birnin, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara daga cikin manyan masanan giya na Faransa ya ba su giyar Faransa da ta jihar Kalifoniya ta Amurka ba tare da sun ga sunaye ba. A ɓangaren jar giya, wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta wani sabon gida a kwarin Napa mai suna Stag's Leap Wine Cellars, girbin 1973, daga itatuwan da aka dasa shekara uku kacal kafin nan, ta sha gaban Mouton Rothschild da Haut-Brion na girbin 1970. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, editar wata babbar mujallar giya ta Faransa, da ta ji sakamakon sai ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Martanin da masu kare manyan gidaje suka bayar a lokacin shi ne irin wanda marubucin ke bayarwa yau, cewa giyar Faransa ba ta nuna kanta sai ta tsufa, ta Kalifoniya kuwa kyan ɗan lokaci ne da ita. Sai an gwada akan san na ƙwarai: a 2006, bayan shekara talatin, aka sake ɗanɗana waɗannan giyoyi a Landan da Napa a rana ɗaya, Ridge Monte Bello ta Kalifoniya, girbin 1971, ta zo ta ɗaya, giyar Kalifoniya kuma ta kwashe gurabe biyar na farko. Mai son kare marubucin yana iya cewa tazarar makin 1976 'yar kaɗan ce, kuma alƙalan sun saɓa wa juna ƙwarai, don haka bai kamata a gina hukunci a kanta ba. Wannan gaskiya ne, amma gaskiyar da ta fi cutar da marubucin ce, domin idan manyan alƙalai tara ba su iya haɗuwa a kan fifikon aji na ɗaya da zarar an rufe sunansa ba, ina sikelin da aka yi alkawari?

Masu bincike sun bi sawun wannan tambaya da gwaje-gwaje masu tsari. A 2001, a Jami'ar Bordeaux, wato a tsakiyar gidan sana'ar, Frédéric Brochet da abokan aikinsa sun rina farar giya da jan launi marar ƙamshi suka ba ɗalibai 54 masu karatun ilimin giya, ɗaliban kuwa suka siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta jar giya da su. A wani gwajin nasa, giya ɗaya mai matsakaicin farashi aka zuba a kwalbar giyar talakawa da kuma kwalbar babban gida, sai masu ɗanɗano suka kushe ta a kwalba ta farko suka yabe ta a ta biyu. A Amurka, Robert Hodgson, malamin jami'a mai ritaya wanda shi ma yana da ƙaramin gidan giya, ya shirya da masu gasar giya ta bajekolin jihar Kalifoniya cewa a riƙa ba alƙalai giya ɗaya daga kwalba ɗaya har sau uku a cikin jerin kofuna ba tare da sun sani ba, kuma sakamakon da ya wallafa a 2008 ya nuna cewa kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai na alƙalan suka iya maimaita hukuncinsu a kan abu guda. A shekarar ta 2008 dai, Hilke Plassmann da abokan bincikenta a Kalifoniya sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa suka ba su giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce musu ta dala 90 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sai ga shi sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da jin daɗi ya fi motsawa a lokacin da aka ambaci dala 90. Wannan sakamako ya wanke masu yabon giya mai tsada daga zargin ƙarya, domin da gaske suna jin daɗin da suke faɗa. Sai dai ya nuna cewa wani babban kaso na daɗin ta kunne ya shiga tun kafin kofi ya isa baki.

Marubucin yana iya cewa waɗannan ɗalibai ne da alƙalan ƙananan gasanni, manyan malaman tsohuwar giya kuwa daban ne. To a duba yadda manyan suka kasance da aka gwada su da kuɗinsu da mutuncinsu. A watan Disamba na 1985, gidan gwanjo na Christie's a Landan ya sayar da wata kwalba da aka ce Lafite ce ta 1787, mai ɗauke da haruffan farkon sunan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, a kan fam 105,000, farashin da babu kwalbar da ta taɓa kaiwa kafin nan. Wanda ya kawo ta, wani Bajamushe mai suna Hardy Rodenstock, ya ce an tsinci kwalaben ne a wani rufaffen ɗakin ƙasa a Paris, amma bai taɓa faɗin inda ɗakin yake ba, manyan masana kuma suka yi ta halartar liyafarsa suna rubuta yabon tsofaffin giyoyin da yake zuba musu. Iyalin Forbes da suka sayi kwalbar sun kafa ta a ɗakin nuni ƙarƙashin fitila mai zafi, toshiyar ta bushe ta faɗa ciki. Attajirin Amurka Bill Koch, wanda ya sayi huɗu daga cikin irin waɗannan kwalabe, ya sa an bincika masa bayan shekaru, masu bincikensa kuma suka kammala cewa da injin lantarki aka zana haruffan, abin da babu shi a zamanin Jefferson. Rodenstock ya musanta zargin har ya mutu a 2018, amma abin lura shi ne shakkun daga masu binciken takardun tarihi da masu duba gilashi ya fito, bai fito daga harshen masu ɗanɗano ba.

Na Rudy Kurniawan kuwa kotu ce ta yanke. Wannan matashi ɗan Indunusiya mazaunin Kalifoniya ya yi suna a tsakanin attajirai masu tara tsohuwar giya, har gwanjo biyu na kayansa a New York a 2006 suka tara kusan dala miliyan 35. Asirinsa ya fara tonuwa a 2008, lokacin da aka sa wasu kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot a gwanjo ɗauke da shekarun girbi daga 1945 zuwa 1971, mai gidan kuma, Laurent Ponsot, ya taso daga Burgundy ya zo ya hana cinikin, domin gidansu bai fara yin wannan giya ba sai 1982. Da jami'an hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, suka shiga gidan Kurniawan a watan Maris na 2012, sun tarar da kwalabe jiƙe a wurin wanke-wanke don takardunsu su saki, da dubban takardun kwalba na jabu, da tarin tsofaffin toshiya da hatimai, da rubuce-rubucen yadda ake gauraya giyoyi masu sauƙin kuɗi su yi kama da tsohuwar giyar babban gida. An ɗaure shi shekara goma a 2014. Shekaru nawa manyan masu ɗanɗano suka yi suna kurɓar haɗin ɗakin girkin wannan matashi suna lumshe ido suna ambaton ƙasar Burgundy da gadon kakanni? Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wanda ya kai ƙarshen wannan ramin mutum ne da ya san tarihin gonarsa, ya duba lamba a jikin takarda.

Bayan wannan, hujja ta huɗu ba ta bukatar dogon jawabi. Farashin gwanjo yana auna ƙarancin abu da yawan masu son a gan su da shi, kuma kwalba ɗaya daga cikin 600 da aka yi a shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, daga itatuwan da babu su yanzu, dole ta yi tsada ko da abin da ke cikinta ya mutu tuntuni. Da yawa daga cikin irin waɗannan kwalabe ba a ma buɗe su, daga rumbu suke zuwa gwanjo su koma wani rumbun, domin buɗewar ita ce ƙarshen jarin. Lokacin da sababbin attajiran ƙasar Sin suka mayar da Lafite abin kyauta ga manya, gidan ya zana alamar lamba takwas ta rubutun Sinanci, wadda suke ɗauka lambar sa'a, a jikin kwalaben girbin 2008, farashi kuwa ya yi tashin gwauron zabo. Daga 2011 ya fara zubewa, sannan yaƙi da cin hanci da gwamnatin Sin ta ƙaddamar ya rage irin waɗannan kyaututtuka ya ƙara dannawa. Me ya canza a cikin kwalaben tsakanin hawan da saukar? Ko ƙasar gonar Lafite ce ta lalace saboda an hana jami'an Beijing karɓar kyauta?

Gyaran da marubucin ya ɗora a ƙarshe shi ne mafi haɗari a cikin kayansa, domin sauran hujjojin aljihun attajiri kawai suke taɓawa, wannan kuwa jikin kowa take nema. Labarin cewa jar giya tana kare zuciya ya bazu ne bayan wani shiri na gidan talabijin na CBS a Amurka a watan Nuwamba na 1991, wanda ya danganta ƙarancin ciwon zuciya a Faransa da shan jar giya, cinikinta kuma ya tashi nan take. Bincike na baya ya gano wani babban kuskure a yawancin nazarce-nazarcen da aka dogara da su, wato sanya waɗanda suka daina sha saboda rashin lafiya a rukunin marasa sha, abin da ke sa masu sha kaɗan su fito kamar sun fi lafiya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya barasa a rukuni na ɗaya na abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 1988, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana a watan Janairu na 2023 cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, ta kuma ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Sinadarin da ke sa maye a cikin kwalbar dala 558,000 shi ne dai wanda ke cikin ta dala biyar, kuma hanta ba ta karanta takardar kwalba.

Matsayin wannan martani, saboda haka, a bayyane yake. Giya tana canzawa da shekaru, amma tsufanta ba shaidar kyanta ba ne; manyan gidajen Faransa suna da tarihi, amma jerin da ya ɗaukaka su lissafin dillalai ne na 1855; ƙwararru suna da horo, amma hukuncinsu yakan karkata inda suna da farashi suka nuna masa, yakan kuma rikice idan aka ɓoye su; kasuwa tana auna sha'awar masu kuɗi; likitanci kuwa bai ba kowa lasisin sha ba. Wanda yake son ya yi nazarin wannan duniya a matsayin tarihin noma da ciniki da yadda suna ke zama dukiya zai sami abin koyo mai yawa, kuma babu mai hana shi. Amma wanda ya ce ɗanɗanon tsohuwar giya ilimi ne mai ma'auni, har yana auna wayewar mutane da girmama shi, nauyin hujja a kansa yake, kuma hujjar da za ta karɓu guda ɗaya ce: ƙwararrunsa su riƙa fitar da manyan gidajen daga cikin tsara a kai a kai ba tare da sun ga kwalba ba. Daga 1976 zuwa yau an ba su wannan dama sau da yawa, kuma abin da ya fito bai goyi bayan marubucin ba.